Barewar da Ba Ta Gudu Ba

Litinin, 8 ga Maris, 1954, bayan la'asar

Malama Umma ta ce duk wadda ta gama littafi na biyu a ajin yaƙi da jahilci ta riƙa rubuta abin da ya faru a gidanta, ko layi uku ne, don hannu ya saba. Ta ce a fara da rana da lokaci. To ga shi na fara. Sunana Safinatu, muna zaune a bakin garin Bodinga, na kusa arba'in, kuma sai bara na san b da ɓ ba ɗaya ba ne.

Yau akwai abin rubutawa. Maigida ya shigo da barewa a kafaɗa, kwana goma sha ɗaya rabonsa da samun ko zomo. Ya ce ko harbi bai yi ba. A tsaye ya ishe ta ƙarƙashin wata sabara, kanta a ƙasa, ya matsa ba ta gudu ba, ya ƙara matsawa ba ta gudu ba, har ya kama ƙahonta da hannu. Ya ce, "Kin ga layar da kike wa dariya? Yau ta yi magana." Na ce ko dai barewar tsohuwa ce irinsa, ƙafa ta ƙi. Ya yi dariya har da tari.

Na tambaye shi da ranta ya yanka? Ya ce da ranta, ya yi bisimilla, ta yi shure-shure. To ba mushe ba ce.

Ya ce kada in faɗi inda ya same ta, don cikin gandun daji ne, inda aka hana farauta. Ban faɗa wa kowa ba. Takarda ba kowa ba ce.

Ni na gyara kayan ciki. Jinin baƙi ne ƙwarai, ya ƙi daskarewa a ƙwarya, na ce zafin bazara ne. Saifar kuwa ban taɓa ganin irinta ba, ta cika tafin hannuna biyu, ga taushi. A gidan nan saifa ta auta ce. Atika, autata, ta zubar da haƙoranta biyu na gaba, ba ta iya jan tsoka. Ta tsuguna a bakin murhu tana cewa, "Inna, ta yi? Inna, ta yi?" har ta ishe ni, na ɗauke daga wuta na ba ta. Ta cinye, ta lashe yatsu, ta ce ta fi ta bara.

Layi uku aka ce, na cika shafi.

Talata, 9 ga Maris, da hantsi

Maigida ya kai cinyoyi biyu da kafaɗa wurin Sama'ila mahauci a Sifawa. Sauran na dafa tun jiya har ya rabu da ƙashi, na aika wa maƙwabta. Naman ya so ya yi wari da wuri, shi ya sa na daɗe da shi a wuta.

Fatar na roƙa, ya bar mini. Na kankare ta, na shanya a bayan ɗaki. Tana da kyau, ja da fari, da baƙin zane a gefe.

Alhamis, 11 ga Maris, bayan azahar

Na aika da fatar Shagari.

Babbar, wadda ke aure can, ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce, namiji. Ita ce 'yar farina, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, kakarta ta raine ta. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Ko a takardar nan hannuna ya ƙi. Ran suna ma ƙanwata na tura, ni na zauna gida kamar ba jikana aka samu ba.

Amma kwana biyu ina murza fatar nan da man gyaɗa har ta yi laushi, don ta samu abin zama bayan wankan jego, ta kwantar da jinjiri a kai. Ya'u ƙanen maigida zai kai albasa Shagari da jakuna, na naɗe ta a tsumma na ba shi. Na ce ya ce in ji Atika. Ya kalle ni ya ce, "Atika ta iya murza fata haka?" Na ce ya tafi rana na yi.

Atika ba ta shanye furarta ba yau.

Juma'a, 12 ga Maris, da magariba

Jikinta zafi. Ta ce cikinta na murɗa. Na jiƙa mata kanwa. Ta yi amai sau biyu.

Yara suna haka da bazara.

Asabar, 13 ga Maris, da hantsi

Goggo Shatu mai nono ta shigo, tsohuwar Bafillatanar da ke kawo mana nono tun ina amarya. Ta sauke ƙwarya, ta ga Atika kwance a tabarma, ta taɓa cikinta, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba.

Ta ce, "An ce Na'Allah ya kama barewa da hannu."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Barewa, da hannu. Ni shekara sittin ina daji, ko ɗan barewa na kwana uku ban kama ba. Jininta fa, ya daskare?"

Na ce ban lura ba.

Ta ce, "Saifar fa? Mi kinka gani?"

Na ce ban duba ba, karnuka aka jefa wa.

Ta kalle ni. Na ce, "Goggo, da ranta anka yanka ta, da bisimilla. Ba mushe ta ba." Ta ce, "Ban ce mushe ta ba, ɗiyata. Tambaya ɗai niy yi." Ta auna mini nono, ta ƙara ludayi ɗaya ta ce na Atika ne, ta fita.

Ban san abin da ya sa na ce karnuka ba. Na sani. Idan maganar ta fita za a ce Safinatu ta raba wa unguwa mushe, a ce Na'Allah ya sayar wa mahauci mushe, daga nan a tambayi inda aka samo ta.

Lahadi, 14 ga Maris, da asuba

Ba ta riƙe ko ruwa.

Litinin, 15 ga Maris, bayan la'asar

An karɓo rubutu wurin liman, ta sha, ya dawo. An kawo jiƙon sabara, ya dawo. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. Abin da na gani a kaskon da ta zauna ba zan rubuta ba.

Maigida yana da wani ƙurji a wuya, daidai inda ya saɓo barewar. Jiya ƙaiƙayi yake, yau ya yi ruwa. Ya ce cizon ƙwaro ne, ba ya ko ciwo. Ya naɗe da rawani, shi da ba ya naɗi sai Juma'a.

Na ce mu kai ta wurin malamin asibiti. Ya ce, "In ya tambaye ki mi tac ci, mi za ki ce?" Na ce zan ce nama. Ya ce, "Naman mi? Daga ina? Ke kin san abin da anka yi wa Abdullahi da anka kama shi da gada cikin gandu? Wata shida, ya hito bai iya ɗaga bindiga. Wa za ya ci da ku?" Na ce ɗiyarsa ce ke kwance. Ya ce, "Duk unguwar ga sun ci naman, wa yak kwanta? Ni ban ci ba? Ke ba ki ci ba?"

Gaskiya ne, duk mun ci. Babu wanda ya kwanta.

Ban ce masa komai a kan abin da ita kaɗai ta ci ba. Yana wurin alwala lokacin, bai ga yadda na ɗauke daga wuta ba.

Talata, 16 ga Maris, bayan azahar

Na goya ta na kai. Yarinya 'yar shekara bakwai, ƙafafunta na bugun gwiwoyina.

Malamin asibiti mutumin kirki ne, ya sa aka ba ni benci. Ya danna cikin, ta yi ƙara. Ya duba idonta. Ya ce, "Baba, me ta ci kafin abin ya fara? Ki tuna da kyau." Har sau biyu ya tambaya.

Na ce tuwon dawa da miyar kuka. Na ce fura.

Ya ce ba ta ci wani abu da sauran mutanen gida ba su ci ba?

Na ce a'a.

Ya ba mu wani farin magani a kwalba, na ciwon ciki, ya ce in ba ta cokali sau uku, in bai yi sauƙi ba jibi mu dawo. Ya rubuta sunanta a kati. Na karanta da kaina, Atika Na'Allah. Karo na farko ke nan da na karanta rubutun wani ba a aji ba.

Ba mushe ba ce. Ya yi bisimilla.

Laraba, 17 ga Maris, da la'asar

Yau ta ɗan farfaɗo, ta ce in jingina ta da jikina. Ta ce, "Inna, Yaya ta ga fatar?" Na ce ta gani. Ta ce, "An ce mata ni na aika?" Na ce an ce. Ta yi murmushi da giɓinta ta ce, "Ƙarya munka yi, ko Inna?" Na ce ƙarama ce, Allah ba ya kama irin wannan. Ta ce in ta warke a kai ta Shagari ta ga jinjirin, ita za ta goya shi, ba za ta yar ba.

Ta tambaya ko haƙoranta za su fito kafin azumi. Na ce za su fito.

Maƙwabta sun ce alamar sauƙi ce. Na dama kunu, ta sha cokali huɗu, bai dawo ba. Cokali huɗu. Na ƙirga.

Alhamis, 18 ga Maris

An kai ta bayan azahar.

Lahadi, 21 ga Maris, da hantsi

Kwalbar ko rabi ba a sha ba.

Talata, 23 ga Maris, bayan la'asar

Mata na ta shigowa. Kowa ta ce haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ina cewa na gode. Wata ta ce shawara ce, wata ta ce iska ce ta rijiyar bayan gari, wata ta ce yarinyar ta cika wayo, irinsu ba su daɗewa. Ina cewa na gode.

Malama Umma ta zo. Ta ga littafin nan a kan tabarma, ba ta buɗe ba. Ta ce in bar rubutu sai na samu ƙarfi. Na ce to. Ba ta san littafin nan kaɗai ne ba na ce wa na gode ba.

Daga Shagari an aiko mijin babbar da gaisuwa. Ita ba ta zo ba, tana cikin arba'in, ba a barin mai jego ta fita. Ya ce tun ran da ta ji take kuka, tana rungume da fatar nan, ta ce ita ce abu na ƙarshe da Atika ta aiko mata.

Na shiga ɗaki.

Laraba, 24 ga Maris, da asuba

Na ɗebo fura a ƙaramar ƙwarya, na kira ta. Sai da na kira sau biyu.

Alhamis, 25 ga Maris, bayan azahar

Wuyan maigida ya kumbura har haɓa. Tsakiyar ƙurjin ta yi baƙi ƙirin kamar an ɗora gawayi. Har yanzu cewa yake ba ya ciwo, kamar rashin ciwon wani abin kirki ne. Tun ran Alhamis ɗin nan bai ƙara taɓa bindiga ba. Yana zaune a zaure, ba ya magana, in na kai abinci a rufe nake ɗaukowa.

Yau malamin dabbobi ya zo unguwa a kan keke, shi da wakilin mai gari. An ce Sama'ila mahauci na Sifawa yana kwance, hannunsa ya kumbura da baƙin ƙurji, an tafi da shi Sakkwato a mota. Suna bin gida gida suna tambaya ko wata dabba ta faɗi, ko an yanka mara lafiya. Ina bayan zana ina ji.

Maigida ya ce shi barewa lafiyayya ya harba, a wajen gandu, ta yi gudu har ta gajiyar da shi. Malamin ya ce fatar fa? Ya ce kura ta ɗauke daga shanya.

Malamin ya ce, "Malam Na'Allah, wannan rawani da zafin nan?" Ya ce yana cikin makoki ne. Sai suka yi masa gaisuwa suka wuce.

Ina riƙe da muciya a bayan zana. Taku uku ne tsakanina da su.

Me ya sa ya tambayi fata?

Juma'a, 26 ga Maris, da la'asar

Goggo Shatu ta zo ba da nono ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ta yi mini gaisuwa, sa'an nan ta ce, "Karnukan da kinka jefa wa, duk suna nan lafiya lau. Na gan su yanzu suna faɗa kan ƙashi."



Ta ce lokacin tana budurwa, rugarsu na wajen Kajiji, wata saniyar babanta ta tsaya haka, kai a ƙasa, da safe lafiya, da azahar tana faɗuwa. Suka yi maza suka yanka don kada ta zama mushe. Jini baƙi, ya ƙi daskarewa. Ta ce su Fulani ciwon da sunan abin nan na ciki suke kiransa, don shi ne ke kumbura ya yi taushi. Ta ce wuƙa da bisimilla suna halatta nama, amma ba su kashe abin da ke cikinsa. Mutum uku suka binne a rugar. Na ukun, wanta, bai ko ci naman ba, ya tafi kiwo. Fatar ya samu da ya dawo, ya yi shimfiɗa da ita, wata biyu bayan an manta da saniyar.

Na ce fatar da ta bushe a rana, aka murza ta da mai?

Ta ce, "Ko ta shekara goma. Mu har wurin da saniyar taf faɗi ba mu ƙara kai shanu ba. Safinatu, ni ba alkali ba ta, ban zo in ji wa yab ba wa mi ba. Wagga ta tahi, Allah Shi jiƙanta. Fatar nika tambaya. Tana ina?"

Na buɗe baki, sai na ji ba ni da sunan da zan faɗa. Na ce, "Tana wurin wance." Ta ce, "Wace wance?" Na ce ta Shagari.

Ta ɗora hannu biyu a ka.

Juma'a, da magariba

Na faɗa wa maigida da asuba zan tafi Shagari, kuma in na dawo zan je wurin malamin asibiti in faɗi komai. Ya ce in na fita kada in dawo. Sai na faɗa masa abin da Atika ta ci, da yadda na ɗauke daga wuta tsakiyar na ja, don tana ta cewa Inna ta yi. Na faɗa masa a tsaye. Ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

 Sa'an nan ya warware rawanin, ya ajiye a gefe. Ya ce, "Ki hau jakar Ya'u, ta hi sauri."

Lahadi, 28 ga Maris, Shagari, da hantsi

Jiya ban samu yin rubutu ba.

Na fita bayan sallar asuba. Jakar ta yi gardama a wajen Dandin Mahe, na sauka na ja ta. Rana ta take sosai kafin in shiga Shagari. Sau ɗaya na taɓa zuwa gidan, ran da aka kai ta, ban ma shiga ba. Uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari haka kawai, balle tana jego, balle ba aike.

Babban gida ne, sassa da yawa. Na ishe mata uku a tsakar gida suna surfe. Suka ce maraba, wa ake nema? Na ce mai jego. Suka ce masu jego biyu ne a gidan, wacce? Na ce matar, sai na tsaya, don sunan suruki ma ba ya faɗuwa. Ɗayar ta yi dariya ta ce, "Baba, sai ki zaɓa, duk biyun maza sunka haifa."

Sai na hango ta ta ƙofar wani ɗaki a can ƙarshe. Ba ita na fara gani ba, fatar na gani, ja da fari, a shimfiɗe a ƙasa. Tana sunkuye, jinjiri a hannu, ta gama yi masa wanka, ba ko zane a jikinsa, za ta kwantar.

Na ji murya ta cika gidan. Sai da taɓarya ta tsaya na gane tawa ce.

Ta ɗago da yaron a hannu. Ta ce, "Na'am?" Ta dubi ko'ina tana neman wanda ya kira, ta wuce ni da ido sau biyu.

Na ce kada ta ajiye shi. Na shiga, na sa sanda na jawo fatar waje. Ta biyo ni tana kuka tana cewa ta Atika ce, ta Atika ce, Inna me ta yi miki. Na ce ba ta Atika ba ce, ni na murza, ni na aiko. Na faɗi sauran a tsakar gida, a gaban surukarta, da matan surfe, da wani tsoho da ya leƙo daga zaure. Na faɗi gandu, na faɗi jini, na faɗi abin da na gasa. Babu wanda ya ce mini mushe. 

An haƙa rami a bayan gida, aka tara itace, aka ƙona ta da tsumman da sandar, aka rufe. Ta daɗe tana cin wuta saboda man.

Na tuɓe jinjirin na duba shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa, babu komai. Kullum da zane take kwantar da shi a kai, jiya ne kawai zannuwan duk suna shanya. Amma ita akwai ƙurji a wuyan hannunta na dama, kamar ƙwayar gero, ya fara ruwa. Ta ce kwana biyu yana mata ƙaiƙayi. Ta ce ba ya ciwo.

Surukarta ta ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Na ce to ni zan goya ta in fita da ita, ban taɓa goya ta ba, yau sai in biya. Tsohuwar ta kalle ni, ta ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa.

Talata, 30 ga Maris, Bodinga, bayan azahar

Mun je mu uku, ni da ita da maigida, wuyansa a buɗe.

Malamin asibiti ya gane ni. Ya ce yaya yarinyar? Na faɗa masa. Sa'an nan na ce ran nan ya tambaye ni sau biyu, na yi masa ƙarya sau biyu. Na ce saifa ta ci. Saifar barewa mai ciwo, ba ta gasu ba, ni na ba ta.

Ga shi na rubuta. Saifa.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko wata ƙaramar kwalba daga akwati, ya dafa allura, ya yi wa maigida, ya yi mata. Ya ce kullum su zo har kwana bakwai. Ya ce nata da wuri aka zo, na maigida an makara amma yana sa rai. Ya rubuta takarda zuwa ga malamin dabbobi, ya ce dole ne, don a je a ƙone wurin da aka yi fiɗa, a bi sauran naman. Maigida ya ce a rubuta, shi zai kai su har gindin sabarar.

Da za mu fita na koma. Na ce, "Malam, kwalbar nan, ran Talatar da na zo tana cikin akwatin?" Ya ce tana ciki. Na ce da na faɗa maka fa?

Ya ce, "Baba, na ciki yana da wuya ko an yi allura. Allah kaɗai Ya sani."

Ya faɗa da sauri ƙwarai, yana gyara kwalabe, bai dube ni ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da la'asar

Kumburin maigida ya fara sauka. An kira shi gaban alkali ran Litinin saboda gandu. Ya ce ko me aka yanke. Ya cire layar daga damtsensa, ban ga inda ya kai ta ba.

An ce Sama'ila ya tashi.

Asabar, 3 ga Afrilu, da hantsi

Tana nan gidan da jinjirin har a gama allura. A ɗakina suke kwana, a gefen da babu kowa yanzu. Ƙurjin ya bushe, bai kai ga yin baƙi sosai ba.

Ɗazu tana ba shi nono ina tsince gero, ta ce, "Inna, ran nan ban san ke ta ba. Ban taɓa jin shi a bakinki ba. Ashe haka kike hwaɗinai, kina jan ƙarshen." Na ce ta gyara wa yaro kai, zai shaƙe. Ta ce in ƙara faɗa sau ɗaya, ba kowa a gidan. Na ce ta cika surutu kamar ƙanwarta. 

Ta ga littafin ta ce in nuna mata yadda ake rubuta shi. Ban taɓa gwadawa ba. Akwai ƙ mai ƙugiya a ciki, da y biyu.

Ruƙayyatu.

Ta sa yatsa a kai ta ce, duk wannan ni ce? Na ce duk ke ce. Ta ce na Atika fa? Na rubuta a ƙasa. Ta ce ɗan kaɗan ne. Na ce harafi biyar.

Shekara ashirin da ɗaya ban kira na saman ba, ran da na kira aka amsa. Na ƙasan tun asuba nake kira.